Shekarar da Na Bi Gindin Bango da Gwiwa

Nasiru, Rabi, wannan ɓangare na tarihina naku ne fiye da na kowa. Na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta yadda na koyi wankin hula a hannun kawuna, na rubuta aurena da Ummanku, na rubuta haihuwarku, duk ba su ba ni wahala ba. Da na iso shekarar da ta rasu sai biro ya yi mini nauyi, na ajiye littafin nan fiye da wata biyu. Na san abin da kuka gani a waccan shekara. Kun ga mahaifiyarku a kwance, kun ga mahaifinku ya ba ta baya, yana durƙushe yana cusa siminti a gindin bangon gidan da ba nasa ba. Abin da kuka gani gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗi sauran ba, na kuma riƙe har shekara shida. Yau zan saɓa, Allah ya yafe mini, domin shirun nan ya fara cutar wadda ba ta da laifi. Zainab matar Nasiru ce ke ba ni abinci safe da yamma, kuma har yanzu a dangi akwai masu raɗa cewa saboda ita Umma ta ƙi komawa gidansu na Hotoro.

Bayan an sayar da gidan gadonmu na cikin gari, mun kama haya a Gyadi-Gyadi, a wani gida mai filat huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Mu muna ƙasa ta hagu: ɗaki ɗaya, falo, kicin, da banɗaki a ciki. Ummanku ba ta taɓa zama a ɗaki mai tayil ba sai a nan. Makon farko a hankali take takawa, tana dafa bango, tana cewa ƙasar gidan ta fi farantanta sheƙi. Mai gidan ban taɓa sa shi a ido ba, an ce a Abuja yake zaune. Wanda muka sani wakilinsa ne, Alhaji Ado, mutum mai fara'a da son tsokana. Ranar da zai ba ni makulli ya zaunar da ni, ya karanta mini sharuɗɗa daga takarda. Ba a sauya fenti, ba a buga ƙusa, ba a taɓa bango ko tayil da siminti. Ya ce wanda ya tashi kafinmu ya farfasa bango ya ja famfo yadda ya ga dama, shi ya sa mai gidan ya rantse duk wanda ya sake taɓa masa gini ba zai ƙara shekara a ciki ba.

"Ko ƙusar rataye hula, Malam," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, ni a kan katako nake kifa hula, ba na rataye ta."

Ya yi dariya, na sa hannu, muka tare.

Ciwon suga ya daɗe tare da ita, kun sani. A shekararmu ta uku a gidan ta taka garwashi a bakin kurfoti ba ta ji ba, sai da ta ga tabo a tabarma. Ciwon ƙunar ya zauna a tafin ƙafarta ta hagu ya ƙi rufewa. Ta yi mako biyu a asibiti. Ranar da za a sallame ta likita ya ja ni gefe, ya ce zuciya da ƙoda sun gaji, abin da ya rage shi ne kulawa a gida, a wanke ciwon kullum, kada ƙazanta ta taɓa shi. Da muka dawo jiri ya kayar da ita daga kan gado sau ɗaya, saboda haka na kwance gadon na jingine shi a falo, na sauke mata katifa a ƙasa. Wadda ta ɗauki nauyin wankin ciwon ita ce maƙociyarmu ta filat ɗin dama, Maman Ebuka. Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya ta buɗe ɗan kemis a Tarauni. Kullum kafin ta fita sai ta shigo da jakarta, ba ta taɓa yarda an yi mata maganar lada ba.

Wata rana a tsakiyar bazara, Maman Ebuka ta ce sai da hantsi za ta shigo. Na je rumfata a bakin kasuwar Tarauni na shanya huluna, na dawo da sauri. Na tarar da Ummanku tana jan carbi, fuskarta a sake, har tana tambayata ko na sayo mata yalo. Na ɗaga zanen da ta rufe ƙafa da shi don in gyara mata kwanciya. Kiyashi ne. Sun jero layi daga gindin bango, sun ratsa tayil, sun hau katifa, sun shige ƙarƙashin bandeji. Ba ta ji komai ba, domin ƙafar ta daɗe ba ta jin taɓi. Ba zan rubuta abin da muka gani ba lokacin da Maman Ebuka ta kwance bandejin. Ta wanke, ta sake wankewa, ta ɗaure da sabo, ta rufe jaka. Sannan ta zauna a kan kujerar tsuguno ta dube mu.

"Baba, Mama, ku ji ni da kyau. Kafin in zama maƙociyarku ni ma'aikaciyar jinya ce. Kiyashi zaƙi suke bi, kuma sun riga sun gano hanya. Idan na sake kwance ƙafar nan na ga ko guda ɗaya, ni da kaina zan kira Nasiru ya zo ya ɗauke ta. Gidansa sabo ne, matarsa tana gida duk yini. Ba zan zuba ido ƙafar nan ta ruɓe a hannuna ba."

Ummanku ta juya fuska ga bango. Da matar ta fita ta ce in rufe ƙofa, na rufe.

"Malam, kada ka bari a kai ni gidan yaron nan."

Na ce, "Ladi, ɗanki ne. Tun da aka sallame ki yake roƙo."

Ladi nake kiranta idan mu kaɗai ne, ban sani ba ko kun taɓa ji.

Ta ce, "Yanzu wa ke ɗaga ni zuwa banɗaki? Kai. Wa ke wanke ni idan na ɓata? Kai. To a can fa? Shi zai ɗaga ni? Ko 'yar mutane da ko shekara uku ba ta yi a ɗaki ba, ita za ta wanke ni? Yarinyar kirki ce, za ta yi da zuciya ɗaya, shi ya sa ma ba zan iya ba. Ka bar ni a ɗakina."

Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa.

"Kuma kada su ji cewa kiyashi sun ci ni da raina. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata.

Nasiru, dole in tsaya a nan in yi maka bayani, domin ku 'yan yanzu wannan abin kuna iya ɗaukarsa rashin so. Kai ɗan farinta ne. A gidan da ta tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa a bainar mutane. Tun kana jariri, in an shigo sai ta ture ka gefe kamar ba nata ba, in an fita ta janyo ka. Haka ta riƙe har ka yi gemu. Matar da ba ta taɓa shan ruwa a gabanka ba, ka yi tunanin a ce kai ne za ka tallabe ta zuwa banɗaki. Ke kuma Rabi kina Gusau kina jego, cikin da kika sha wahala a kansa, ta hana a gaya miki rabin abin da ake ciki. Ba ta ƙi kowa ba. Kunya ce, da ita ta rayu, ta kuma so ta tafi da ita.

Ke nan abu ɗaya ya rage mini: kada kiyashi ko guda ɗaya ya sake isa katifar nan. Na so in fesa maganin ƙwari na fiya-fiya, Maman Ebuka ta ce in na kuskura ƙirjin Mama ba zai ɗauka ba. Na zagaye katifar da toka, iskar fanka ta watsa ta. Na shafa kananzir a tayil, warin ya sa ta tari har da hawaye, na wanke. A rana ta biyu na kwanta rub da ciki na bi layin kiyashin da ido har inda ya ɓace. Kun san ɗan siririn tayil ɗin nan da ake zagaye gindin bango da shi, wanda magina ke kira sikatin. Tsakaninsa da tayil ɗin ƙasa akwai tsaga wadda da kyar farce ke shiga, a wasu wuraren kuma ya ɗan rabu da bango ta sama. Na ƙwanƙwasa da yatsa na ji bayansa fanko ne. Ashe duk kewayen ɗakin hanya ce a buɗe, shekara uku muna zaune ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

Siminti an hana ni, saboda haka na koma ga abin da na sani. Mai wankin hula da ƙaro yake aiki, shi ke sa hula ta tsaya ƙyam ta yi sheƙi, kuma na san idan ya bushe sai a yi da gaske kafin a ɓamɓare shi. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na karɓo garin katako wajen wani kafinta, na kwaɓa su. Yini guda na yi ina cusawa a tsagar. Da ya bushe ya yi kyau, har launinsa ya kusa dacewa da tayil. Na ce a raina na toshe hanya kuma ban saɓa takarda ba. Kwana biyu ba mu ga komai ba. A rana ta uku ina kicin ina dama mata kunu na ji ta kira ni. Gindin bangon nan ya yi baƙi da kiyashi, waɗanda ban taɓa ganin yawansu ba, ga ƙananan kyankyasai suna tayawa. Ƙaron suke ci. Allah ya sa sun tsaya kan abincin da na ba su, ba su nufi katifa ba. Na tsaya da ludayi a hannu. Sai na ji tana dariya, irin dariyar da rabona da jinta tun kafin asibiti.

"Malam, ashe walima ka shirya musu. Ka gayyato har na maƙota."

Na ce, "Ke kina dariya, ni ina neman kuka."

"To ai shekara arba'in kana ba hula ƙaro ba ta taɓa ci ba, ka ɗauka kowa haka yake."

Na share su da ruwan zafi da tsumma, na matsar da katifar tsakiyar ɗaki, na roƙi Maman Ebuka ta zauna da ita, na tafi kasuwar Tarauni wajen masu kayan gini. A wani shago na tarar da wani mai sa tayil yana jiran kaya, na ba shi labari ba tare da na ambaci mara lafiya ba. Ya riƙe ciki.

"Ƙaro, Baba? Ai ko ni ka zuba mini sukari a ciki zan sha."

Da ya gama dariyarsa ya koya mini da gaske. Farin siminti ne maganin abin, ba wani. A kankare tsagar tukuna, a share da buroshi, a ɗan jiƙa ta. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce cikin murfin gwangwani ba, don saurin bushewa gare shi. A danna da guntun silifas har ya cika ciki, ba a shafa a baki kawai ba, sannan a goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya kama tayil. Ya ce zai zo ya yi mini a yini ɗaya. Na yi godiya na ce a'a. Baƙon namiji ba zai shiga ɗakin da take kwance ba, kuma in ma'aikaci ya shigo gidan kafin la'asar labari ya kai ga Alhaji Ado.

Na sa ƙunshin simintin a cikin buhun huluna na taho a ƙafa, domin ina son lokacin tunani. Ni ba mai ilimi ba ne, amma tun da nake ban taɓa sa hannu a takarda na saɓa ba. Na kuma san mutumin bai zalunce ni ba, gininsa ne, ya faɗi sharaɗinsa tun farko na yarda. Har na tsallaka titi ban gama shawara ba. Da na shigo na ajiye ƙunshin a gabanta na gaya mata komai, har da rantsuwar mai gida.

Ta ce, "In ya ji, yaushe zai tashe mu?"

Na ce, "Shekararmu sai bayan Babbar Sallah za ta cika. Kafin nan ba na jin zai taɓa mu."

Ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga watanni. Ta tsaya a na huɗu.

"Ya isa," in ji ta. "Kwaɓa."

Na gane abin da take nufi. Na je kicin na ɗebo ruwa.

Kwana tara aikin ya ɗauke ni. Na mayar wa mutane hulunansu, wasu ma ban wanke ba, na rufe rumfa. Kankare ƙaron da na cusa da hannuna shi ya fi cin lokaci, da bakin tsohon cokali na yi. Gwiwoyina ba na yaro ba ne, in na yi taku huɗu na bango sai na zauna na miƙe ƙafa. Simintin ya tsattsage mini yatsu, in na zo alwala sai na cije baki. Idona kuma ba ya ganin ƙananan ramuka. A nan ne ta shigo aikin. Tana kwance a ƙasa, kanta daidai da gindin bango, ba abin da ke motsi a ɗakin nan da zai wuce ta. Ita ke gani, ni ke toshewa.

"Ga wani can ya leƙo, Malam. Hagu. A'a, hagunka, ba hagun alƙibla ba. Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan ne ƙofar gidansu."

Wani lokacin in na gama wuri sai ta ce in matsa ta duba, ta ce wannan bai cika ba, in sake. Na ce mata da na san haka take da tsanani da ban ɗauki aiki a hannunta ba. Ta ce in yi haƙuri, lebura ba ya zaɓen ubangida.

Abin da ba ku sani ba shi ne, a kwana taran nan mun yi hirar da ba mu yi ba a shekara arba'in da ɗaya. Ina jin don na ba ta baya ne. Mu mutanen da ba mu saba kallon juna ido cikin ido mu faɗi magana mai nauyi ba. Da fuskata ke ga bango sai bakinta ya buɗe. Ta gaya mini ranar da aka kawo ta gidanmu ta ɗauka ƙanena ne angon, don ya fi ni tsayi, ta kuma ji haushi da ta gane. Ta gaya mini inda take so a kai kwanukanta. Ta yi maganar yaranmu biyu da suka rasu tsakaninku, waɗanda ba mu taɓa ambata ba tun da aka binne su. Ta ce ranar da aka ba ka aiki, Nasiru, ta shige banɗaki ta rufe ta yi guɗa a cikin zane don kada kowa ya ji. Ni ma na faɗi nawa. Na nemi gafararta a kan wasu abubuwa, ba sai na rubuta su a nan ba. Ta ce ta yafe, in kula da kusurwar bayan ƙofa.

A rana ta shida, Juma'a ce, Nasiru ka zo bayan masallaci da Zainab, ka shigo da mota har bakin gida. Tana jin sallamarka ta ja mayafi ta rufe ƙafa, ta yi shiru kamar yadda ta saba. Ni kuwa na riga na kwaɓa siminti, in na bar shi zai daskare. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce na san in na juyo ka ga fuskata za ka gane akwai abin da nake ɓoyewa. Ka durƙusa ka gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon silin. Ka ce an gyara mata ɗaki a Hotoro, an sa gado mai ƙarfe a gefe, Zainab ta ɗinka labule. Sai ka juyo gare ni.

"Baba, Umma na kwance a ƙasa, kai kana gyara wa wani gida?"

Na ce, "Ba inda za ta."

"Saboda me, Baba? Me muka yi?"

Na ce, "Na faɗa maka."

Ban juyo ba. Na ji Zainab ta ajiye kular abinci a hankali, na ji fitarku, na ji tashin mota. Da yamma Rabi kika kira kina kuka, kika ce Yaya ya ce Baba ya fi damuwa da bango. Ban musa ba. Ranar Ummanku ba ta ƙara nuna mini rami ko ɗaya ba. Sai da na zo ba ta magani ta riƙe hannuna, ta juya shi ta dubi yatsun, ta ce, "Na ɗora maka nauyi." Na ce ta sha maganinta.

Da na gama ɗakin na bi falo da bakin banɗaki, har inda bututun ruwa ya shigo. Ruwan da nake wanke tsumma ya bar farin tabo a bakin kwata, shi Alhaji Ado ya gani ranar da ya zo duba tankin sama. Ya yi sallama, na fito, ban tsaya ɓoye-ɓoye ba, na shigar da shi falo na nuna masa. Ya sunkuya ya bi layin da yatsa.

"Malam, kai ka yi wannan? Wallahi ya fi na wanda ya gina gidan kyau. Ashe mun ajiye magini muna ce masa mai wankin hula."

Sai ya miƙe, fara'ar ta ragu. Ya ce amana aka ba shi, ba zai gani ya ɓoye ba. Ya tambaye ni dalili, ya ce in ba shi abin da zai faɗa wa mai gida. Na ce kiyashi ne suka dame mu. Ya ce, "Kiyashi kawai?" Na ce kiyashi kawai. Da na gaya masa sauran, ina kyautata zaton da ya roƙar mini, mai gidan ma wataƙila da ya ji tausayi. Amma sauran ba nawa ba ne da zan bayar. Bayan mako guda ya dawo, bai ko zauna ba, ya ce an ce in shekara ta cika in nemi wani wuri. Shi ya sa bayan arba'in ɗin Ummanku kuka ga ina haɗa kaya, kuka ɗauka zaman kaɗaici ne na kasa. Da son raina ne da ban bar ɗakin nan ba.

Kowace safiya Maman Ebuka takan shigo, ta kunna tocilan ɗin wayarta ta zagaye gindin bango tukuna, sannan ta zauna ta kwance ƙafar. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ina jira ta ɗago.

"Mama, yau ma kin ci jarrabawa."

"Ba ni na ci ba, leburana ne," in ji Ummanku.

Azumi ya zo ya wuce, damina ta sauka, lokacin da ƙwari suka fi neman shiga ɗaki. Sau biyu wani wuri ya tsage ta bayan ƙofa, ita ta gani, na sake cikawa. Ko sau ɗaya Maman Ebuka ba ta sami abin da zai sa ta ɗauki waya ba.

Ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba. Na sha tambayar kaina, da na bari an kai ta Hotoro, ga gado mai kyau, ga mota a ƙofa in dare ya yi tsanani, ko da ta ƙara wasu watanni? Ban sani ba. Kwana na Allah ne, amma wannan bai hana ni tambayar ba. Na kuma san na hana ku abin da yake haƙƙinku, ku yi jinyar mahaifiyarku da hannunku, ku sami ladan. Wannan na ɗauka a wuyana. Abin da na sani kawai shi ne, mutum biyu suka roƙe ni abu biyu da ba sa haɗuwa, na zaɓi na wadda ba ta da sauran lokaci.

Ta cika ranar wata Talata tsakanin azahar da la'asar, ana yayyafi. Ina zaune a gefen katifar, wannan karon fuskata na gare ta. Ta yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun ban ji ƙarshenta sosai ba. Inna Asabe, ƙanwarta da ke Daurawa, ita ta yi mata wanka tare da wata dattijuwa ta layinmu. Kun san Asabe da ni ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Amma ranar, da ta fito daga ɗakin, hannayenta a jiƙe, ta same ni a tsaye a falo ta rage murya.

"Malam, na daɗe ina wankan gawa a unguwarmu. Na san yadda jikin wanda ya yi watanni a kwance yake komawa. Yaya ko ƙwarzane babu a bayanta. Ciwon ƙafar ma tsaf yake, kamar yanzu aka wanke."

Na ce, "Aikin Maman Ebuka ne."

Ta dube ni.

"Allah ya saka wa Maman Ebuka," in ji ta. "Kai ma Allah ya saka maka."

Daga nan maza suka shigo da makara. A ɗakinta aka yi mata wanka, a ɗakinta aka yi mata sutura, daga ƙofar ɗakinta kuma aka ɗauke ta. Allah ya jiƙan Ladi, ya yalwata mata makwanci, ya sa in tawa ta zo in same ta cikin rahama.